Jigidar Lefen Zunnuraini

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu karatu. Masu turo mini saƙo suna cewa Safara'u kin yi shiru, ko hannun ne ya gaji, to ga ni. Hannu lafiyarsa lau, zuciyar ce sai a hankali. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, sunana Safara'u Isah, gidanmu na Magama, nan bakin bodar Jibiya, inda ƙarar manyan motoci ke tashinmu tun kafin zakara. Sana'ata shirya tsakiya: abin wuya, abin hannu, 'yan kunne, da jigidar amare.

Mata kan tambaye ni a wasaf, wai a ina nake samo haɗin kalolina. Sai in ce musu baiwa ce, don a wuce wurin. Gaskiyar magana sata nake yi. Inna ce ta koya mini zura tsakiya a zare, amma ita duk duniya haɗi ɗaya ta sani, ja da baƙi, baƙi da ja, har ka ji idonka ya yi tsami. Ni kuwa tun ina ƙarama in na ga zabuwa sai in tsaya ina kallon ɗige-ɗigen bayanta har tuwo ya ƙone. Abin da idona ya gani ya so, shi nake dawowa gida in jera a faifai.

Wajen wannan satar na gamu da Zunnuraini. Direban babbar mota ne, mutumin Maraɗi. Wata rana ya faka a bakin layinmu yana jiran takardun kwastan, ni kuma na dawo daga aike na tsaya na ƙura wa bayan motar ido, don an yi mata wani fenti na kore da ruwan ɗorawa da ratsin ruwan hoda wanda ban taɓa tunanin za su zauna wuri ɗaya lafiya ba. Sai na ji murya daga ƙarƙashin motar.

"Malama, kamiyon kike kallo ko direban?"

"Motar," na ce, na ja mayafi.

"Kash. Kullum ita ka samun kasuwa."

Daga nan fa aka fara. Da ya gane abin da nake nema, sai ya zame mini ido a kan hanya. Duk inda ya bi sai hoto ya shigo wayata: barkono an shanya a kan rufin ɗaki, jar akuyar Maraɗi a jikin farin bango, buzu da rawaninsa mai ƙyalli yana dafa shayi. A ƙasan hoton sai ya rubuta, "Wanga zai yi abin wuya?" Wani lokaci ya dace, wani lokaci kuwa hoton taya ne da ta fashe, don dai in zage shi. Ina son shi, ba zan ɓoye muku ba. Ina son shi irin son da ko sunansa ba na iya faɗa a gaban Inna.

Sai aka rufe boda. Ku da kuke nesa a rediyo kuka ji, mu a ƙofar gida muka gani. Motoci suka yi layi har ido bai kai ƙarshensu ba, albasa ta ruɓe a cikin buhu, 'yan dako suka koma zaman gindin bishiya. Shi rufewar ta same shi a can. Da farko kullum sai mun yi waya, daga baya ya koma saƙon murya, daga baya sai "ya gida" kawai. Da aka buɗe na ɗauka gobe zan ji hon ɗinsa, sai ya ce maigidansa ya maida shi hanyar Agadas, amma in yi haƙuri, ya yi wa mutanen gidansu maganata, suna nan tafe.

Hotuna suka ƙafe, hannuna ma ya ƙafe. In na zauna gaban faifai sai in yi ta juya tsakiya kamar mai tsintar shinkafa, babu abin da ke zuwa. Na koma kwaikwayon abin da matan Legas ke sawa a waya. Wata rana na ɗaga abin da na yi na duba, ja da baƙi ne, baƙi da ja. Inna ta ce, "Yawwa, yau kin yi na mutane." Na shiga ɗaki na yi kuka.

A gefe guda ga Imrana, malamin firamare a Daddara, ɗan aminin Baba. Ba ni da abin da zan ce a kansa sai alheri. Yana zuwa bayan la'asar, fes da shi cikin yadi mai ruwan toka, ya zauna a zaure ya tambayi lafiyar kowa har akuyarmu. Baba bai taɓa ce mini dole ba. Abin da ya ce kawai, a farkon damina, yana gyara zaman hularsa:

"Safara'u, ƙannenki biyu suna ɗakunansu. Ni ban hana ki baƙonki ba. Amma in an yanke gero ban ga manyanshi ba, zan ba mahaifin Imrana amsa, don ba a barin dattijo tsaye."

Gero ya fara fidda kai ranar da baƙuwar ta zo. Ina tsakar gida da hantsi, ɗaure da zanin Inna da wata tsohuwar riga, kaina ko ɗankwalin kirki babu. Ta yi sallama ta shigo, doguwa, cikin atamfa shuɗiya da babban mayafi fari, ƙafarta ta sha baƙin lalle, ƙamshin turaren wuta na biye da ita. Daga jin gaisuwarta ka san daga tsallake take.

"Nan ne gidan mai tsakiya? Wata maƙwabciyata na gani da abin wuya, ta ce nan ta saye. Na ce sai na taho da ƙahwata."

Inna ta shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa. Ta ce sunanta Barira. Ta ɗauki kayana ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, tana kuma dubana, daga hannuna har yatsun ƙafa.

"Baliz muke haɗawa," ta ce, "lehe dai, yadda kuke cewa. Na ƙanena. Atamfa da takalma duk mun saye, amma ina son kayan tsakiya cikakku, har jigida, wanda babu irinshi Maraɗi duka."

"Allah ya sanya alheri," in ji Inna. "Wane ne angon?"

"Autanmu ne, Zunnuraini. Kamiyo yake ja. A da hanyar nan Jibiya yake yi, ƙila ma kun taɓa ganinai."

Jama'a, kofin da ke hannuna ban san lokacin da na ajiye shi ba. Na sunkuyar da kai, kunnuwana suka ɗauki zafi. Ai kun san yadda ake yi: dangin miji ba sa shigowa su ce mun zo ganin yarinya. Sai su fake da sayen wani abu, su ga tarbiyyarki, su ga tsabtar gidanku, su tafi. Ga ni kuwa an same ni da zanin Inna. Na ce a raina, Zunnuraini, Allah ya isa wannan wulaƙanci, ko ɗan saƙo ka turo in yi wanka.

"Wace kala kuke so?" na tambaya.

"Ni mi na sani ga kala? Ke dai ki yi wanda ranki ya so, kamar ke za ki sa. Ji ta da kunya, Inna, ɗiyag ga taki akwai hankali."

Ta ce za ta dawo ranar kasuwa ta sama. Tana fita na faɗa jikin Inna ina dariya ina hawaye. Inna ba ta yi dariya ba. Ta bi tabarmar da kallo, ta ɗaga gefenta.

"Ina zaren awo?"

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani. Amarya ba ta zuwa da kanta a auna ta. Wata ƙawarta ko yayarta ke zagaya ƙugunta da zare, a ƙulla daidai inda ya haɗu, a kawo wa mai jigida. Duk wadda ta zo odar jigidar lefe, zaren take fara miƙowa tun kafin a yi maganar kala.

"Ba ta kawo ba," na ce.

"Ke kuma ba ki tambaya ba."

"Haba Inna. Ta kawo zaren me, ga ƙugun a gabanta?"

Inna ta dube ni. Ta ce, "Allah ya sa. Ni dai ba ni gaya ma Malam komi sai na ga goro."

Ban saurare ta ba. A ranar idona ya buɗe, kamar an wanke mini shi. Washegari na ɗauki mayafi na fita yawon sata, abin da na daɗe ban yi ba. Na bi ta wajen masu kayan miya na tsaya a kan tattasai da ɗanyen attarugu. Na leƙa gonar bayan gari inda zoɓo ya fara fure, na ga yadda farin furen ke da jan ciki, 'yan kunne suka fito mini a take. Da yamma na sa mai babur ya kai ni bakin dam, na ga rana ta kwanta a kan ruwa, ruwan zuma a sama, shuɗi mai duhu a ƙasa, shi ne ya zama abin wuya. Har tamfol ɗin da ake rufe buhunan aya da shi sai da na tsaya na kalla, wani ɗan dako ya ce ko na yi ɓatan kai ne.

Jigidar ce na bar wa ƙarshe, don ita ce ba mai gani sai shi. Na juye duk gwangwanayen madarar da nake ajiyar tsakiya a ciki, na fito da murjanin da kakata ta bar mini wanda na yi rantsuwa ba zan sayar ba. Hanyar da ke tsakaninmu na jera. Layin farko jan ƙasar gefen titi, na biyu baƙin kwalta da ɗigon fari jefi-jefi, na uku koren gero, sai murjanin a tsakiya. Ina zurawa ina gwadawa a jikina a bayan labule, ina ƙarawa, don ni Allah bai yi ni siririya ba. Tun da nake ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma na san haka tun yana hannuna.

Na ɗauki hoton 'yan kunnen na tura masa. Ban ambaci yayarsa ba, na ce tunda ɓoye-ɓoye yake so, mu je a haka. Na rubuta, "Ka ga hannuna ya dawo." Saƙon ya kwana bai shiga ba, ya sake kwana. Da ya shiga, ya buɗe, sai ga amsa: "Ya yi kyau. Allah shi ƙara basira." Na karanta ta ya fi a ƙirga. Har cewa na yi a raina, ji shi da iya kawaici.

Ranar Juma'a Imrana ya zo da kankana a leda. Na fita zaure da hijabi, na ƙi zama.

"Malam Imrana, ina so in gaya maka gaskiya, kada in riƙe ka. Mutanen Maraɗi sun zo."

Ya ajiye ledar a hankali a gefen tabarma.

"An sa rana?"

"Ana haɗa lefe."

"To, alhamdu lillahi." Ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar. "Na gode da kika faɗa mani da bakinki. Ki yafe mani zaryar da na yi ta yi maki. Kankanar ta Inna ce, ta ce tana so."

Ya tashi babur ɗinsa ya tafi, bai waiwayo ba. Na ji tausayinsa ƙwarai, amma farin cikina ya fi tausayin yawa, ba zan yi muku ƙarya ba. Kafin magariba mahaifinsa ya aiko wa Baba da fatan alheri. Abin da Inna ta ƙi faɗa, sai ga shi ya shigo ta ƙofar gida. Baba ya kira ni, fuskarsa a sake, rabon da in gan ta haka tun bikin ƙanwata. Ya ce, "Ashe abin ya zo shi ne ake ɓoye mani? To madalla. Allah ya kawo su lafiya."

Ranar kasuwa tun da safe na share gidan har bayan randa. Na sa leshina mai ruwan ƙwai, na yi ɗaurin da ya ci mini rabin safiya, na turara ɗaki, na dafa shinkafa da miyar zabuwa. Baba ya ƙi fita kasuwa, ya shimfiɗa buzunsa a zaure wai yana jin ciwon baya.

Bayan azahar Yaya Barira ta iso. Na jera kayan a sabon faifai na rufe da farin ƙyalle, na durƙusa na ajiye a gabanta. Da ta yaye sai ta dafe ƙirji.

"La ilaha illallahu! Wanga hannu naki na mutum ne? Inna, ku yi mata addu'a, bakin mutane ba kyau." Ta ɗaga abin wuyan ta kai shi haske, ta gwada 'yan kunnen a nata kunnen. Sai ta ɗauko jigidar, ta ware ta tsakanin hannayenta biyu, ta yi dariya. "Kai, amma wagga ta yi yawa. Laihina ne. Sai da munka kai garin Ɗan Isa wancan zuwan na tuna ban ba ki zare ba."

Ta kwance bakin mayafinta, ta ciro wani farin zare a naɗe, da ƙulli a jikinsa. Ta miƙo mini.

Ban san yadda aka yi na karɓa ba. Na ware shi na ɗora a kan jigidar. Ƙullin ya tsaya, jigidar ta wuce shi da fiye da taƙi guda.

"Amaryar tamu, Hasiya, ba ta da jiki," Yaya Barira ke cewa. "Ɗiyar maƙwabtanmu ce. Lokacin da anka ruhe boda yana zaune gida ba aiki, kullum ita ka kawo ma tsohuwarmu hura, daga nan Allah ya haɗa. Yarinya ce shiru-shiru, kamar ke. Ana iya ragewa ko?"

Na ji Inna ta ja numfashi a bayana. Tsakar gidan ta yi mini nisa, muryar matar kamar daga cikin rijiya. Babu wanda ya yi mini ƙarya a kan tabarmar nan, masu karatu. Matar nan ba ta taɓa jin sunana ba sai a bakin maƙwabciyarta. Bai gaya musu ba. Duk watannin da nake lallashin Baba, ina ƙirga fitar kan gero, ko sunana bai tsallaka boda ba. Baƙin cikin da na ji ban taɓa jin irinsa ba, ga kunya a kansa, har na rasa wanne ya fi ciwo.

"Ana ragewa," na ce.

"Safara'u," Inna ta kira ni ƙasa-ƙasa. "Kawo in yi."

"Bar shi, Inna. Ba ki san jerin ba."

Na ɗauko almakashi na yanke bakin layin farko. Na zare jajayen tsakiyar suna zubowa a faifai, na gwada da zaren, na ƙulle. Na yanke na biyu. Da na zo kan murjanin na tsaya, na ce a raina in cire kayan kakata mana. Sai na ga in na cire shi jigidar ta mutu, ni kuma ban iya kashe aikina ba. Na rage abin da awo ya ce in rage, na bar sauran.

"Ragowar ki aje," in ji Yaya Barira, tana tattara mini su da gefen hannu. "Ranar naki sai ki ƙara bisa. Ko an kusa? Irin wagga kwalliya da kinka sha yau."

Na sa zaren a haƙori ina ja. Ta ciro wayarta daga jaka ta danna, ta buɗe muryar don hannunta na riƙe da abin wuya.

"Alo, auta? Kana tasha? Taho ka ɗauke ni, kayan sun yi kyau har ina tsoron hawa babur da su." Ta juyo gare ni. "Jiya ya sauko daga Agadas, na ce ya rako ni." Ta koma kan wayar. "Magama, layin bayan masu walda. Gidan Malam Isah, wajen Safara'u mai tsakiya."

Ina jin hayaniyar tasha ta cikin wayar, ana kiran Katsina, Katsina. Sai muryar da na yi wata da watanni ina roƙon Allah in ji.

"Yaya... gidan wa kinka ce?"

"Malam Isah. Kurma ka zama?"

Wayar ta katse. Ta dube ta ta yi tsaki. "Rezon garin nan naku, sabis dai, sai haƙuri."

Inna ta tashi ta shiga madafa, na ji tana ta buɗe tukwane tana rufewa ba tare da ta zuba komai ba. Ni na ci gaba da ɗaure bakin layin ƙarshe. Ina addu'a a zuciyata kada ya zo. Ya kashe wayar, ya ce mota ta lalace, ya yi duk irin ƙaryar da ya iya, in sallami matar nan da mutuncina ta tafi, in ya so in san abin da zan gaya wa Baba. Ina kuma jin wani ɓangare na zuciyata, marar kunya, yana kasa kunne ko zai ji takunsa.

Ina naɗe jigidar a cikin farin ƙyallen na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka daɗe ba a buɗe ƙofar motar ba. Sai sallama, can ƙasa, kamar ta mai zuwa ta'aziyya.

Baba ya amsa da ƙarfinsa, har da dariya a muryar.

"A'a, Zunnuraini! Sai yau? Bismillah, shigo, zauna nan. Ai tun safe nake zaune ina jiranku. Ina manyan naka, suna baya?"

Yaya Barira ta tsaya da 'yan kunnen a hannu. Ta dubi ƙofar zaure. Ta dubi leshina, da ɗaurin kaina, da kwanukan shinkafar da aka jera mata, da ragowar tsakiyar da ke cikin faifai. Na ga fara'ar tana barin fuskarta a hankali.

"Safara'u," ta ce, "wancan awon da kinka yi da hwarko, ƙugun wa kinka auna?"

Daga zaure na ji Baba yana ɗaga murya yana cewa in kawo wa baƙo ruwa.